Fayil ɗin da Ba Wanda Ya Taɓa Gani

Litinin, bayan azahar

Na sayi wannan littafi a kantin da ke ƙasan ofis, domin daga yau ba na son rubuta wani abu nawa a cikin kwamfuta. Na tsufa ina gyara rubutun mutane a jarida, ban taɓa ajiye nawa ba. Bari in jera abin da ya faru yadda ya faru.

Makon jiya na aika wa kamfanin ruwa tambayoyinmu. Ƙa'idar aiki ke nan: ba ka buga zargi a kan mutum sai ka ba shi damar kare kansa. Yau da safe amsa ta zo, takarda maƙale da saƙo. Na buɗe. Ba komai a ciki sai godiya da "muna duba lamarin". Can bayan na sha shayi, manhajar da ke gadin kwamfutar ta fito da ɗan akwati a kusurwa. Ba ja ba, ba kore ba, ruwan ɗorawa. Ta ce ta ga wani fayil da ba ta sani ba, irin waɗanda sunansu ke ƙarewa da dll. Ta tambaye ni ko ta bar shi ko ta killace shi.

Ban danna ko ɗaya ba.

Duk hirata da Mai-awo a cikin kwamfutar nan take. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji na kamfanin, wanda ya kawo mana sakamakon awon da ya nuna ruwan unguwar gangare gurɓatacce ne. Babu sunansa a ciki, amma akwai muryarsa, akwai hotunan takardu da rubutun hannunsa. Duk wanda ya taɓa aiki da shi zai gane shi. Idan fayil ɗin nan ido ne aka sa mini, to sun san shi.

Idan. Ban tabbatar ba.

Litinin, bayan magariba

Na ari wayar matata na kira Auta, ƙanwata, wadda tsaron kwamfutoci ne aikinta a wani kamfanin sufuri a can garin da take aure. Na yi mata bayani a tsanake.

Ta ce, "Yaya, ka buɗe takardar da mutanen da kake bincike a kansu suka aiko maka? A kwamfutar da kake hira da mutuminka?"

Na ce amsarsu ce, dole in karanta.

"Dole. To, sannu da ƙa'ida."

Ta ce irin wannan fayil kamar akwatin kayan aiki ne a gareji, kowace manhaja tana zuwa ta ari abin da take bukata ta mayar. Akwai dubbansu a kowace kwamfuta, kuma mafi yawansu bayin Allah ne. Shi ya sa mugu yake son ya saka rigarsu. Ta ba ni aiki uku. In duba inda yake zaune. In duba wanda ya sa masa hannu. In fitar da zanen yatsarsa, wato wani dogon layin haruffa da lambobi da babu fayil biyu masu iri ɗaya, in nema a shafin intanet da ake tara irin waɗannan.

"Zanen kawai za ka nema. Kada ka ɗora fayil ɗin kansa. Kada ka goge, kada ka killace, ka ci gaba da aikinka kamar ba ka ga komai ba. Ina zuwa Asabar. Kuma gobe ka taka da ƙafarka ka gaya wa bawan Allahn nan ya kwashe iyalinsa."

Na tambayi dalilin hana ɗorawa, sai ɗanta ya fasa kuka a bayanta. Ta ce za ta yi mini bayani idan ta zo.

Talata, hantsi

Na farko: ba ya cikin babban ɗakin da irinsa suke zama. Yana can cikin jakar manhajar da ke buɗe takardu. Na karanta cewa wasu manhajojin suna ajiye nasu a gefensu. Saboda haka wannan alama ce, ba hujja ba.

Na biyu: yana da sa hannu, kuma kwamfutar ta ce sa hannun ingantacce ne. Sunan wani kamfani ne da ban taɓa ji ba. Na nema, na tarar masu yin manhajar buga lambar kaya ne. Ni ba ni da injin buga lambar kaya. Amma ofis ne ya ba ni kwamfutar, kuma wani ya riƙe ta kafin ni.

Fankar cikinta tana ta gudu ko da ban buɗe komai ba. Watakila dama haka take yi, ban lura ba.

Talata, la'asar

Na je. Ni da Mai-awo muna haɗuwa a bencin tashar bas da ke kallon ƙofar kamfanin, kowa ya zauna a gefensa kamar baƙi. Babur ɗinsa shuɗi yana ƙarƙashin bishiyar da yake ajiye shi, madubin hagu ɗaure da tef.

Ya zauna yana kallon titi ya ce, "Malam Waƙafi, yau fuskarka kamar an buga jarida da kuskure a kanun labari."

Tun ranar da na gyara masa waƙafi a saƙon da ya turo mini yake kirana haka. Ya ce mutum yana kawo maka labarin da zai iya cin aikinsa, kai kana duba masa waƙafi.

Yana cikin fara'a. Ya ce matarsa ta shiga watanta, ƙafafunta sun kumbura har takalminsa take sawa. Ya ce mahaifiyarsa ta dawo gidansa saboda hawan jini, su biyun sun haɗa masa kai, ba ya da bakin magana. Sannan ya rage murya ya ce abokin aikinsa ya kusa yarda, mako mai zuwa zai fito da kwalaben samfurin na asali.

Na buɗe baki. Me zan ce? Ka bar aikinka, ka ɗauki mai ciki da tsohuwa ka shiga duniya, saboda na ga akwati ruwan ɗorawa? Duk rayuwata ina jan layi a ƙarƙashin rubutun yaran ofis ina tambayarsu: wa ya faɗa, wa ya tabbatar? Na ce masa kawai kada ya turo saƙo kwana biyu, kwamfutata tana wasa.

Ya ce, "Tsufa ne. Ku biyun."

Bas ta zo ya tashi kamar zai hau, sannan ya tsallaka titi.

Laraba, da safe

Na uku: na fitar da zanen yatsar yadda Auta ta nuna, na kwafa, na saka a shafin. Amsa: babu sakamako. Ba a taɓa ganin wannan fayil ba.

A ƙasan amsar akwai maɓalli babba: ɗora fayil domin a bincika.

Na rufe shafin.

Laraba, bayan azahar

Matata ta ƙara sayen jarka biyu ta ruwan sha. Ta ce tukunyar tafasa ruwa ta fara yin fari a ciki. Ɗan maƙwabtanmu, mai bi mu da ƙwallo a ƙofar gida, yana asibiti tun Lahadi. Uwarsa 'yar unguwar gangare ce, can ya yi hutu.

Matata ta ce, "Malam, wai yaushe za ku buga abin nan?"

Na ce idan ya kammala.

Ta dube ni, ta ɗauki tukunyar ta fita.

Juma'a, hantsi

Edita ya kira ni ofishinsa. Na gaya masa batun fayil ɗin. Ya jingina da kujera ya ce, "Kai ne ka koya mini aikin nan, Malam. Majiya nawa gare ka?"

Na ce ko ɗaya ba ni da ita. Ina da alamu.

"To ka kawo majiya. Ba zan dakatar da labari saboda fanka tana gudu ba. Tawa ma gudu take."

Gaskiyarsa.

Asabar, la'asar

Auta ba ta zo ba. Wani abu ya lalace a wurin aikinsu, an hana su hutu. Sai Asabar ta sama. Ta tambaya ko na gaya wa mutumin. Na ce na gan shi.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Yaya."

Na karanta mata sakamakon ukun. Da na zo kan na ƙarshe layin ya yi ta yankewa, na ji tana cewa "me ka ce ya nuna?" sannan aka kira ta. Ta ce za ta neme ni. Ba ta nema ba.

Lahadi, da safe

Fanka.

Litinin, bayan azahar

Yaron maƙwabta. Na bi su maƙabarta. Makarar ba ta da nauyi, mutum biyu ma sun isa.

Ba wanda ya ambaci ruwa.

Talata, hantsi

Na yi ta juya maganar Auta. Me ya sa za ta hana ɗorawa? Na ga dalili ɗaya: wanda ya ɗora takarda a irin wannan shafi ya ba duniya abin da ke cikinta. Wannan gaskiya ne ga takardar sirri. Amma fayil ɗin nan ba rubutuna ba ne, babu muryar kowa a cikinsa. Ba nawa ba ne ma. Me zan tona?

Kuma "babu sakamako" ba amsa ba ce. A aikinmu, idan ka kira ofishi ba a ɗauka ba, ba ka rubuta cewa sun amsa laifi. Sake kira kake yi.

Mai-awo yana can yana shiga yana fita ta wannan ƙofa kowace rana. Idan fayil ɗin ido ne, ina bukatar abin da zan riƙe a hannu in nuna masa. Idan ba ido ba ne, na huta, ya huta.

Ban tabbatar ba tukuna.

Alhamis, bayan azahar

Na ɗora.

Shafin ya miƙa shi ga manhajojin gadi masu yawa, suka jeru suna ba da amsa ɗaya bayan ɗaya. Kore, kore, kore, har na fara jin kunyar kaina. Can ƙasa sai ja. Ƙasa da shi kuma wani ja. Kamfanoni biyu daban, babu abin da ya haɗa su, kowanne ya ce fayil ɗin yana ɗaukar abin da ke allo da abin da ake bugawa yana aikawa waje.

Majiya biyu. Na buga shafin a takarda na ninke na sa a aljihu. Zan faɗi gaskiya a nan: abin da na fara ji daɗi ne, irin na mutumin da labarinsa ya tsaya da ƙafafunsa.

Alhamis, gab da magariba

Na je bencin. Babu babur a ƙarƙashin bishiya. Na tuna ya ce Alhamis yake kai matarsa awo, rabin rana yake yi. Ban san gidansa ba. Mu muka tsara haka tun farko, ni na ba da shawarar, don kada in san abin da za a iya tambayata. Waya kuwa ba zan kira ba.

Gobe da sassafe.

Juma'a, da safe

Babur ɗin yana nan. Ya riga ni zuwa. Zan jira fitowarsu ta rana.

Juma'a, la'asar

Sun fito cin abinci, sun koma. Sun fito sallah, sun koma. Na san tafiyarsa daga nesa, yana ɗan jefa ƙafar dama. Ban ga mai jefa ƙafa ba.

An tashi daga aiki. Baburan da ke gefen nasa duk sun tafi. Hular kwanonsa tana rataye a hannun babur.

Mai gadi ya fara kallona, na hau bas.

Juma'a, bayan magariba

Na kunna kwamfutar in sake duba jakar. Babu fayil ɗin. Ban goge ba. Ban killace ba.

Fankar ta yi shiru.

Asabar, hantsi

Auta ta iso da jakarta da wayoyinta, ko ruwa ba ta sha ba ta zauna a tebur. Ta yi ta dubawa, sannan ta juyo.

"Ina yake?"

Na miƙa mata takardar da na ninke. Ta karanta. Ta duba kwanan watan da ke sama, ta sake dubawa. Ta ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Yaya, me zanen yatsar ya nuna maka tun farko?"

Na ce babu sakamako.

Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe, murya ƙasa ƙasa ta yi magana, wadda ta fi mini ihu ciwo. Ta ce fayil na gaskiya irin wannan yana zaune a kwamfutoci miliyoyi, an gan shi an sake gani. Wanda duniya duk ba ta taɓa gani ba, to don mutum ɗaya aka ɗinka shi. "Amsar ke nan. Tana hannunka tun Larabar can. Ka zauna a kanta kana jiran wata."

Ta ce masu ɗinka irin wannan su ma suna da zanen yatsar abinsu, kuma suna leƙa shafin. Neman zane ba ya barin sawu. Amma ranar da fayil ɗin kansa ya bayyana a can, sun san mutum ɗaya ne tak a duniya zai iya ɗora shi. Muddin suna ganin ba ka farga ba, zama za su yi suna kallo, suna jiran na biyun da zai kawo kwalabe. Da suka ga ka farga, babu sauran abin jira.

Na ce ba ta gaya mini haka ba.

"Ban gaya maka ba. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma na ce ka je ka gaya masa. Wannan ai ba ya bukatar kwamfuta."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da tire. Ta juya da shi ta koma kicin.

Lahadi, la'asar

Babur yana nan.

Litinin, la'asar

Yana nan. Ganye ya taru a kan kujerar. Tsuntsu ya ɓata hular.

Na tsallaka na tambayi mai gadi, na ce ni ɗan uwan mai shuɗin babur ne. Ya ce shi bai san masu babura ba, ƙofa aka ba shi. Ya faɗa yana kallon wani wuri a bayan kaina.

Talata, hantsi

Edita ya rufe ƙofa kafin ya yi magana. Lauyan jarida ya ce takardun hotuna ne kawai, babu na asali, babu kwalabe, kuma wanda zai tsaya a kansu ba a san inda yake ba. Abokin aikin nasa ko sunansa ba mu sani ba.

"Majiya ɗaya ce, Malam, ita ma babu ita. Kai da kanka ba za ka bari ya wuce teburinka ba."

Na ce haka ne.

Ya ce in ɗauki hutu. Na ce akwai shafin wasanni da ba a gyara ba.

Laraba, bayan azahar

Auta ta koma. Ta kwashi kwafin duk abin da ke cikin kwamfutar, ta ce akwai mutanen da ke bin sawun irin wannan, za ta kai musu, amma kada in sa rai. A tasha ta gyara mini wuyan riga kamar yadda mahaifiyarmu take yi. Ba mu yi sallama mai tsawo ba.

Alhamis, hantsi

Wata mata ta hau benenmu. Mai karɓar baƙi ta ce ta huta sau uku a matakala. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta cikin takalmin maza.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin labarai ta ce, "Ina mai waƙafin?"

Yaran ofis suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Na tashi na kai ta ɗakin taro na ba ta kujera. Ta ce mijinta ya taɓa gaya mata idan wata rana bai dawo ba, ta nemi wani dattijo a jarida mai gyara waƙafi, ba ya ƙarya. Ta je kamfani sun ce ya sa hannun fita ranar Juma'a. Ta je ofishin 'yan sanda biyu da asibiti. Surukarta ba ta sani ba tukuna, an ce mata an tura shi kwas.

Na kawo mata ruwa. Ta dubi kofin ta ce, "Na jarka ne, Baba?" Na ce na jarka ne.

Ta yi mini tambaya guda. Na ba ta amsa daidai, da ranar da na fara ganin fayil ɗin da komai, domin abin da aka ce mata game da ni ke nan. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Ta sha ruwan duka. Ta dafa tebur ta miƙe. Na ce bari in raka ta matakala, ta ce a'a, ta san hanya.

Asabar, da safe

Na rubuta wa lauya abin da na sani. Na rubuta wa ƙungiyar 'yan jarida. Na kai da hannuna, a takarda. Kowa ya karɓa da hannu biyu ya ce za a duba lamarin.

Lahadi

Ban fita ba.

Talata, la'asar

Babu babur. Mai sayar da katin waya a tashar ya ce wani saurayi ya zo da safe ya tura shi da ƙafa, don babu makulli. Ya ce ƙanin matar mai babur ɗin ne, wai ta sauka jiya, namiji. A ƙarƙashin bishiyar sai tabon baƙin mai da ɗan guntun tef.

Na zauna a gefena na bencin har bas uku suka wuce.

Laraba, hantsi

Aiki ya taru, shafin tsakiya yana jirana, dole na kunna kwamfutar. Kafin in buɗe komai na sa manhajar gadi ta bi ta ko'ina, jaka bayan jaka. Ta ɗauki lokaci. Matata ta shigo ta ɗora tukunyar ruwa, ta tsaya a bayana muna kallon layin yana cika.

Akwatin ya fito a kusurwa, kore shar. Babu wata barazana, in ji shi, kwamfutarka tana cikin aminci.

Na karanta sau biyu, saboda sabo. Babu kuskure ko na waƙafi.